Yadda ake koya wa yaran firamare labaran gargajiya da al'adun Hawai

Duk shekarar da na rubuta sunan Pele a allo sai an samu yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ɗan ƙwallon Brazil?" Daga nan muke farawa, domin Pelen da nake nufi mace ce, kuma mutanen Hawai sun ce ita ke da wutar da ke fita daga cikin duwatsunsu. Na daɗe ina koya wa 'yan aji biyar da aji shida wannan darasi a zangon farko, zama shida, kowanne minti arba'in. Abin da ya sa na riƙe Hawai shi ne kusan kowane labarinsu yana zaune a kan wani wuri da za ka iya ɗora yatsa a kai cikin taswira: wannan dutsen, wannan tsibirin, wannan shukar. Yaron da ya ji labarin kuma ya taɓa abin da labarin ke magana a kai ba ya mantawa. Ga yadda nake yi, don malami ko malamar da za ta gwada karo na farko.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi taswirar duniya, in da hali irin mai siffar ƙwallo. In babu, babban lemu da biro sun isa a nuna cewa Hawai tana can bayan duniya daga inda muke. Sai kwali babba guda da za a zana tsibiran a kai, ya zauna a bango har ƙarshen zango.

Don aikin hannu: takarda mai kauri ruwan ƙasa, irin ta tsofaffin ambulan, karan dawa ko ɗanyen dankali na yin hatimi, garin gawayi, jar ƙasa da kurkum na yin launi, yumɓu ko laka mai danƙo, ƙaramar kwalba, dakakkiyar kanwa, lemun tsami kamar guda goma, garin sabulu kaɗan, turaren tsinke guda biyu, igiya doguwa mai ƙarfi, farin wake da 'ya'yan tsamiya, kofi ɗaya ɗaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne gwaza, wanda wasu ke kira makani. Ka samo guda da ganyensa da saiwarsa daga mai lambu, da kuma wasu na dafawa. Ka fara cigiya tun makon farko, don mai ganye ba kullum ake samunsa a kasuwa ba.

Waya mai hoto tana taimakawa a zama na uku da na biyar. Ka sauke hotunan da bidiyon tun a gida, kada ka dogara da intanet a cikin aji. Wanda ba shi da ita ya buga hoto huɗu ko biyar a takarda, yara su riƙa miƙa wa juna.

1. Ka fara da manya kafin yara

Kafin ka buɗe baki a aji, ka sami shugaban makaranta ka faɗa masa abin da za ka koyar, sannan ka aika wa iyaye gajeriyar takarda. Shekarar farko ban yi haka ba. Wata yarinya ta koma gida ta ce an koya musu allahiyar wuta, washegari mahaifinta ya zo ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya, don babu wanda ya yi masa bayani. Da muka zauna na nuna masa tsarin darasin, ya amince, amma ni na jawo abin. Tun daga lokacin takardar ke riga darasin fita. Abin da nake rubutawa bai wuce layi huɗu ba: za mu karanta labarin ƙasa da tarihin wasu tsibirai, za mu ji labaran da mutanen wurin suka gada, ba za a sa yaro ya yi addu'ar kowa ko ya kwaikwayi bautar kowa ba.

A aji kuma ka saba wa bakinka da "mutanen Hawai sun ce" ko "a labarin da suka gada". Wannan jimlar tana tsare aƙidar yaron da ke gabanka, tana kuma mayar da labarin ga masu shi.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, kuma malamai sun fi faɗawa cikinsa: mayar da labaran abin dariya. Kada ka buɗe su da "ga ta nan ga ta nanku", kada ka rufe da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Rufewar tatsuniyarmu shela ce cewa abin da aka faɗa ƙirƙira ne. Su kuwa suna da kalmar mo'olelo, wadda ta haɗa labari da tarihi da salsalar kakanni, kuma har yau akwai iyalai a tsibirin Hawai da ke kiran Pele da Tutu Pele, wato Kaka Pele. Ba sai ka yarda da abin da mutum ya yarda da shi ba kafin ka faɗi labarinsa da ladabi.

Ka kuma karanta kowane labari har ƙarshe kai kaɗai. Wasu suna da sassan aure da kishi da ba na yara ba. Ka tsallake su kawai, kada ka ƙirƙiro wani abu ka cike gurbin.

2. Zama na farko: ina Hawai take, wa ya fara zuwa

Ka sa yaro ɗaya ya ɗora yatsa a garinku, wani ya nemo tsakiyar Tekun Pasifik. Hawai tana da nisan kusan kilomita 3,800 daga gaɓar Kaliforniya. Abin da ya fi kama yara shi ne agogo: idan ƙarfe goma na safe ta yi a Kano ko Damagaram, a Honolulu ƙarfe sha ɗaya ne na daren jiya. Ka bar su su yi ta juya maganar, tana ɗaukar minti biyu kafin ta zauna.

Sai ku zana manyan tsibirai takwas a kwalin, a jere daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas: Ni'ihau, Kaua'i, O'ahu inda Honolulu take, Moloka'i, Lana'i, Kaho'olawe, Maui, sai babban tsibirin da shi ma sunansa Hawai. Jerin yana da muhimmanci, za ka buƙace shi a labarin Pele, don haka kada ka bari a zana su a warwatse.

Tambayar da za ka jefa musu ita ce: yaya mutum ya iso nan ba jirgin sama, ba inji, ba taswira? Kakannin mutanen Hawai sun zo ne daga tsibiran kudu, kimanin shekara dubu da ta wuce, cikin kwalekwale biyu da aka haɗe da katako aka kafa musu filafilai. Sun taho da gwaza, rake, ayaba, kwakwa, kaji da karnuka. Suna bin taurari da dare, da rana suna karanta igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. An daɗe wasu masana na cewa sa'a ce kawai ta kai su. A 1976 aka tashi wani kwalekwale irin na da mai suna Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki, ba da na'ura ko ɗaya ta nuna hanya ba, wani gwanin teku mai suna Mau Piailug daga tsibirin Satawal yana jagora. Sun isa. Yara maza musamman suna son wannan labarin, kuma yana kashe tunanin cewa mutanen zamanin da ba su da ilimi.

3. Harshe: minti goma a zama na farko, minti biyar a kowane zama bayansa

A nan yaron Bahaushe ya fi yaron Bature sa'a, kuma ina faɗa musu haka. Harshen Hawai yana da haruffa 13: wasula biyar, a, e, i, o, u, da baƙaƙe takwas, h, k, l, m, n, p, w da wata alama da suke kira okina. Okina ita ce ɗan tsayawar maƙogwaro da muke yi a sa'a da jama'a. Kamar yadda ba da ba'a suka bambanta a wurinmu, haka kou yake nufin naka, ko'u kuma nawa. Suna da dogon wasali da gajere, irin bambancin gari na mutane da gari na tuwo. Kowace kalma da wasali take ƙarewa. Saboda haka yaranmu suna karanta Haleakala da Kamehameha ba tuntuɓe. Harafin p ne kawai ke ba su wahala, za ka ji Fele da foi. Ka sa su haɗe leɓe su sake shi da ƙarfi, su riƙe takarda a gaban baki su ga ta motsa.

Kalma goma ta isa zangon duka: aloha gaisuwa da ƙauna, mahalo godiya, keiki yaro, kumu malami, kupuna dattijo ko kaka, 'ohana dangi, wai ruwan sha, kai teku, 'aina ƙasa, malama kulawa da abu. Ka rubuta biyu a gefen kwali kowane mako. Kada ka ɗora ashirin a rana ɗaya, haddar za ta cinye labarin.

4. Zama na biyu: Maui da rana

Da Maui, wani gwarzo mai wayo da sunansa ɗaya da na tsibirin, nake fara labaran, don ya fi sauƙin shiga. Ka faɗe shi da baki, kada ka karanta daga takarda. Mahaifiyarsa Hina tana yin kapa, tufar da ake samu daga ɓawon itace: a jiƙa shi, a shimfiɗa a kan gungume, a yi ta bugu da sanda kamar yadda masu bugu ke yi wa shadda, har ya yi faɗi ya yi laushi, sannan a shanya. To a zamanin, in ji su, rana gudu take yi. Kafin Hina ta gama shanya, magariba ta yi, kapa bai bushe ba. Maui ya tufka igiyoyi, ya hau dutsen Haleakala, wanda ma'anar sunansa ɗakin rana, ya laɓe. Da rana ta fara miƙo ƙafafunta, wato haskenta, sai ya riƙa zarge su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi ta roƙo, har suka daidaita: rabin shekara za ta yi tafiya a hankali. Shi ya sa wani lokacin yini ke da tsawo.

Ka tsaya nan ka nuna Haleakala a tsibirin Maui a kwalinku. Tsayinsa ya haura mita 3,000, kuma har yau mutane na hawa da asuba don su ga fitowar rana.

Wani zai ce, "Malam, ai Gizo ne." Ka karɓi maganar, sannan ka tambaya: Gizo don wa yake wayo? Za su ce don cikinsa. Maui fa? Don mahaifiyarsa da jama'a. Bambanci na biyu kai za ka faɗa: sunan Maui yana cikin Kumulipo, doguwar waƙar salsala mai layi sama da dubu biyu da ake rerawa don nuna asalin sarakuna. Ba wanda ya taɓa sa Gizo cikin kakanninsa. In wani ya ce ya ga Maui a katun, ka gaya masa masu katun sun haɗa al'adun tsibirai da yawa ne wuri ɗaya, mu na Hawai muke bi. Labarin kansa ma yana da ruwayoyi, wani tsibiri ya bambanta da wani, kuma ba laifi ka ce haka.

Yanzu aikin hannu. Kowane yaro ya jiƙa takardarsa, ya dunƙule, ya buɗe a hankali, sau uku, har ta yi laushi kamar ƙyalle. A fita a shanya a rana, a danne da tsakuwa. Jiran bushewar shi ne darasin: suna tsaye suna taɓawa suna cewa ba ta bushe ba, sai ka ce to ku ga halin da Hina ta shiga. In lokaci ya ƙure, a bar bugun zane zuwa gobe, don launi a kan jiƙaƙƙiyar takarda yaɗuwa yake yi, takardar kuma ta yage. Mutanen Hawai da sassaƙaƙƙen gora suke buga zane, kuma da kurkum suke samun rawaya. Mu sai a yanka dankali biyu a sassaƙa kusurwa uku ko layin zigizaga, ko a yi amfani da bakin kara. Kai za ka riƙe wuƙa. Zanen kapa layuka ne da siffofi masu maimaituwa, saboda haka ka hana zanen mota da gida.

In minti biyar ya rage, ka ƙara labarin ƙugiyarsa Manaiakalani, da ya jefa a teku ya jawo tsibiran. Ya gargaɗi 'yan'uwansa su yi ta tuƙi kada su waiwaya, suka waiwaya, igiya ta tsinke, tsibiran suka tsaya a rarrabe.

5. Zama na uku: Pele

Wannan ne zaman da na fi so, kuma in zan ƙara lokaci a wani wuri, nan zan ƙara.

Sun ce Pele ta taso daga wata ƙasa mai nisa, Kahiki, cikin kwalekwale, tana gudun yayarta Namakaokaha'i mai mulkin teku. Ta riƙo ƙanwarta Hi'iaka tana cikin siffar ƙwai, tana ɗumama ta a jikinta. Ta sauka a tsibiran arewa maso yamma, ta haƙa ramin wutarta da sandarta, teku ya biyo ta ya cika ramin. Ta matsa O'ahu, haka. Ta matsa Moloka'i da Maui, haka. Sai da ta kai babban tsibiri ta haƙa a Kilauea, can sama nesa da ruwa, a ramin da ake kira Halema'uma'u, sannan ta zauna. Kana faɗa, yaro ɗaya yana tafiyar da tsakuwa a kan kwali daga tsibiri zuwa tsibiri.

Sai ka ajiye labarin ka ɗauko turaren tsinke. Ka kunna, ka riƙe shi a tsaye wuri ɗaya, kada ya motsa. Ka ɗora takarda a kan bakinsa har ta huje, ka ja ta kaɗan gefe guda, ta sake hujewa, haka har sau biyar. Ka ɗaga ta: ga ramuka a jere. Ka tambaye su wanne ne ya fi tsufa. Wanda ya fi nisa da wutar. Haka masana ƙasa suka gano game da Hawai: akwai wuri ɗaya mai tsananin zafi a ƙarƙashin teku, ɓawon ƙasa kuma yana zamewa a kansa zuwa arewa maso yamma, kimanin faɗin tafin hannu a shekara. Kaua'i ta kai shekara miliyan biyar, wutarta ta mutu tuntuni. Babban tsibiri bai cika miliyan ɗaya ba, kuma nan wutar take yanzu. Ka yi shiru ka bari su haɗa da kansu. Kullum akwai wadda za ta ce, "Malam, ai hanyar da Pele ta bi ce!" Ita ce. Mutanen da suka zauna kan waɗannan duwatsu sun lura wanne ya tsufa ya zaizaye, wanne ke da sabon baƙin dutse, suka adana abin da suka gani cikin labari. Wutar turaren kai kaɗai za ka taɓa, da kofin ruwa a kusa.

Daga nan a fita waje a gina dutsen. A binne kwalbar cikin yumɓu, bakinta kawai a waje. Kuskuren da kowane aji ke yi shi ne gina shi da tsini kamar malafa. Duwatsun Hawai irin su Mauna Loa kamar ƙwarya a kife suke, faɗi da gangara mai sauƙi, saboda narkakken dutsensu ruwa-ruwa ne, malala yake yi ya yi nisa. A zuba cokali biyu na kanwa, ɗan garin sabulu da jar ƙasa, sannan a tsiyaya ruwan lemun tsami. Kumfa zai taso ya gangaro. In kana da hodar soda ta masu burodi ta fi kanwa ƙarfi. Kada ka sa zoɓo don neman ja, kanwa na juya shi ya yi duhu. Yara su ja baya taku biyu saboda ido, kuma ka faɗa musu wannan kumfa ne mai sanyi, na gaskiya yana ƙone gida: aman da Kilauea ya yi a 2018 ya ci gidaje sama da 700.

Kalmomi biyu za su burge su. Narkakken dutsen da ya daskare da santsi kamar tufkakkiyar igiya sunansa pahoehoe, mai kaifi da gautsi kuma 'a'a, kuma da waɗannan sunayen masana ƙasa na duniya duka ke kiransu. Za su yi dariyar 'a'a, ka bar su.

Gargaɗi ɗaya: za ka ci karo da maganar cewa duk wanda ya ɗauki dutse daga Hawai tsinuwar Pele za ta bi shi. Wannan zance ne na zamanin 'yan yawon buɗe ido, ba ya cikin tsofaffin labaran. Kada ka koyar da shi.

6. Zama na huɗu: Haloa, wan mutane

Ka ɗora gwazan mai ganye a tebur, ka bar su su faɗi sunansa. A Hawai kalo ake ce masa. Labarin gajere ne. Wakea, wanda suke kira uban sama, da Ho'ohokukalani sun haifi ɗa bai zo da rai ba. Aka binne shi a gefen ɗaki, daga kabarin kalo ya tsiro, ganyensa na kaɗawa a kan doguwar sanda. Suka sake haihuwa, namiji lafiyayye, aka sa masa Haloa, shi ne kakan mutanen Hawai. Ke nan gwaza wa ne, mutum ƙane. Wa ya ciyar da ƙane, ƙane ya kula da wa. Daga nan malama 'aina ta fito, kula da ƙasa. Ka nuna musu 'ya'yan da ke fitowa a gindin gwazan: sunansu 'oha, kuma ana cewa daga nan aka samo 'ohana.

Suna noma kalo a fadamu masu ruwa da suke kira lo'i, ruwan rafi ya shiga gonar wannan ya fita zuwa ta wancan ya koma rafi. Ruwa wai ne, arziki kuma waiwai. 'Ya'yan masu noman rani ba sa buƙatar ƙarin bayani a nan.

A dafa gwazan tun a gida har ya yi lugub, a ɓare, a kirɓa a turmi ana yayyafa ruwa har ya fi sakwara laushi. Wannan ne poi, da yatsa ake sha. A al'adarsu in an buɗe ƙwaryar poi ba a faɗa ba a gardama, don ana gaban babban wa. Ka kafa wannan dokar a ajin kafin a ɗanɗana, su wanke hannu, kowa da cokalinsa ko ƙoƙonsa. Kada wani ya ɗanɗani ɗanye ko ya tauna ganyen: ƙaiƙayin maƙogwaro yake sawa mai tsanani, ruwansa ma na sa ƙaiƙayin hannu. In ba ka sami gwaza ba ko kaɗan, ka nuna hoto, ka dafa dankali, wanda su ma suna nomawa, amma ka faɗa musu madadi ne.

Ka yanke kan gwazan da ɗan tsawon sandar ganyen, ku dasa a bayan aji inda ruwa ke zuba. Haka su ma suke dasa shi.

7. Zama na biyar: hula da abin da ya sami masu ita

Ni ba na koyar da hula, wato rawar gargajiyar Hawai, kuma ba na ba da shawarar a koyar. Ana koyonta shekaru a hannun kumu, wasu waƙoƙinta kuma addu'o'i ne. Abin da nake yi shi ne in nuna minti biyu daga bikin Merrie Monarch da ake yi kowace shekara a garin Hilo, wanda na riga na kalla na tabbatar shigar ta dace da ajina, in ce su nemo ruwan sama da igiyar teku a hannun masu rawar. Kafin zuwan rubutu, da hula da rera waƙa ake adana tarihi. Gangarsu ipu duma ce, yara za su gane ta nan take. Kada ka ɗinka musu bantunan ciyawa da sunan kayan Hawai, wannan hoton talla ne.

Rabin zaman na biyu tarihi ne, a taƙaice. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya iso a 1778. Sarki Kamehameha ya haɗe tsibiran ƙarƙashin mulki ɗaya a 1810. Masu wa'azin Kirista sun zo a 1820, daga baya aka hana hula a bainar jama'a, sai Sarki Kalakaua ya dawo da ita. A 1893, shekara goma kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato, wasu 'yan kasuwa farar fata da goyon bayan sojan Amurka suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka wajabta koyarwa da Turanci, ana hukunta yaron da ya yi harshen gida a makaranta. Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, suka zama jiha ta 50 a 1959. Harshen ya kusa mutuwa, sai a 1978 aka mayar da shi harshen hukuma a jihar, a 1984 kuma aka buɗe makarantar renon yara ta farko ta Punana Leo, inda ba a magana sai da shi. Kada ka tsallake wannan sashe. In ka tsallake, yara za su tashi da zaton mutanen Hawai sun shuɗe tare da labaransu, alhali suna nan, jikokinsu na karatu da harshensu.

8. Zama na shida: ranar Makahiki

Makahiki lokaci ne na kusan wata huɗu da ake keɓe wa Lono, wanda suka danganta da ruwan sama da amfanin gona. Ana kai wa sarakuna kason girbi, an hana yaƙi, sai wasanni. Yana farawa ne idan taurarin Makali'i suka fito a gabas da faɗuwar rana, wajen Nuwamba. Makali'i su ne Kaza da 'Ya'yanta. Mako guda kafin ranar ka ba su aikin gida su nemo su bayan isha tare da wani babba. Shi ya sa nake sa darasin a zangon farko, ƙarshensa ya faɗo da kaka.

Ka raba aji uku, su riƙa juyawa duk minti goma. Rukunin farko jan igiya, wanda suke kira hukihuki. Na biyu 'ulu maika: a kafa turaku biyu tazarar taƙi ɗaya, a tsaya nesa kamar taku goma, a gangara faifan dutse ya wuce tsakaninsu. Ku yi faifan da yumɓu tun ranar Pele, faɗin tafin hannu, kaurin yatsa biyu, don ya bushe sosai. In ya fashe, lemu ya maye.

Na uku konane, wanda suke yi da baƙin dutse da farin murjani. A tona gurabu shida shida a yashi kamar na dara, a cika duka, wake da ɗan tsamiya bi da bi, 18 kowanne. Mai baƙi ya cire ɗansa ɗaya daga tsakiya ko kusurwa, mai fari ya cire nasa da ke maƙwabtaka da gurbin. Daga nan kowane motsi ci ne: ka tsallake ɗan abokin wasa zuwa gurbin da ba kowa, ka ɗauke shi. Gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Ana iya tsallake biyu ko uku a jere in layi ɗaya ne. Wanda ya rasa abin tsallakewa shi aka ci. Yara za su yi ta ƙirga wanda ya fi tara 'ya'ya, sai ka riƙa tunatar da su cewa yawan ci ba ya ba da nasara, wanda ya yi motsin ƙarshe ne gwani. In shida shida ya yi musu tsawo, a yi huɗu huɗu.

Minti goma na ƙarshe na jarrabawa ne, da baki. Kowane rukuni ya tsaya gaban kwalin ya ba da labari ɗaya, ya fara da "mutanen Hawai sun ce", ya nuna tsibirin da abin ya faru, ya faɗi abu guda da ake gani a wurin har yau. In iyaye za su iya zuwa, ka gayyace su wannan ɓangaren, ka rataye takardun kapa a igiya su gani. Kafin a tashi ka rubuta sunayen waɗanda za su riƙa ba gwazan bayan aji ruwa, mutum biyu kowane mako, har da wanda gidansu ya fi kusa don lokacin hutu.